Tafintan Mak Cik Maryam

Ko da zan manta komai na zamana a Kuala Lumpur, ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka kira ni tafinta a asibiti ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko loma ce a hannuna sai na mayar da ita kwano. Matata ta riga ta san alamar. Takan dube ni ta ce, "Tsohuwar nan ce kuma?" In ce mata ita ce. Da kunya tana kisa, wallahi da tuni an sha gumbata.

Digiri na biyu ya kai ni ƙasar, a fannin ruwa da madatsai, da tallafin gwamnati. Ni mutumin Haɗeja ne, mun san ambaliya tun muna zanen goyo, don haka fannin bai zo mini a baƙo ba. Wata rana wani ɗan ajinmu ya ce in dai harkar ruwa ce, manyan malamanta suna Holan, ƙasar da teku ya fi ta tudu amma mutanenta suke barci har da minshari. Nan take na ƙudurta can zan yi digiri na uku. Da na gaya wa Inna a waya sai ta ce, "Holan ta atamfa?" Na ce ita fa. Ta ce to Allah Ya taimaka, in na je in duba mata mai ruwan ganye. Babu mahaluƙin da ya ce sai na iya yarensu za su ɗauke ni. Ni na ɗora wa kaina, saboda ina da wani tsohon ciwo na son a ce na iya.

A hawan da ke ƙasa da namu, a unguwar Pantai Dalam, akwai wasu tsofaffi mata da miji. Mijin shi ne Pak Cik Hamdan, ɗan Malay, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Matar kuma Mak Cik Maryam. (Pak Cik da Mak Cik kamar a ce Kawu da Gwaggo ne a wajenmu.) Ita Baturiyar Holan ce. Sun haɗu lokacin da aka tura shi kwas ƙasarsu yana saurayi, ta musulunta, ta biyo shi, danginta suka yi fushin da bai gama hucewa ba. Da Turanci suka fara, da Malay suka tsufa. In ka ji muryarta tana ciniki da mai kifi ba ka ga shuɗin idonta ba, sai ka rantse a ƙauyen Malay aka binne cibiyarta. 'Yarsu ɗaya tilo, Kak Aida, wato Yaya Aida, ko gaisuwa ba ta iya ba da yaren uwarta. Shi ma Pak Cik haka.

Mace ce mai tsananin son tsafta da kintsi. Ba ta buɗe ƙofa sai ta gyara mayafi a madubin da ke bayan ƙofar, ko da mai kawo gas ne ya ƙwanƙwasa. In ta yi murmushi kuwa, haƙora reras, farare tas, har nakan ce a raina Turawa ba sa tsufa a baki.

Da na roƙe ta ta koya mini Holanci, sai da idonta ya kawo ruwa. Ta ce rabon da wani ya nemi ta buɗe baki da yaren nan har ta manta. Muka sa Asabar da safe, a teburin cin abincinsu, Pak Cik yana gefe da jaridarsa yana yi mana gadi.

To, mutanen Holan suna da wata ɗabi'a. Sai su ɗauki kalma biyu ko uku su liƙe su wuri guda ba ko tazara, kalma ta fito zungureriya kamar jirgin Pak Cik. Ranar farko ta rubuta mini sunan fannin karatuna: waterbouwkunde. Na dube shi, ya dube ni.

"Kada ka haɗiye ta ɗungurungum, za ta shaƙe ka," in ji ta. "Fara nemo inda aka yi haɗi. Water. Bouw. Kunde. Nan za ka fara yankawa. Bayan nan sai ka bi kowane yanki gaɓa-gaɓa."

Ta ɗauki cokalin shayi tana buga gefen faranti, kowace gaɓa bugu ɗaya: wa-ter-bouw-kun-de. Ƙarfin murya a kan yankin farko, sauran su biyo baya a ladabce. Na ce mata ai wannan shan rake ne, a gaɓa ake karyawa. Ta yi dariya har Pak Cik ya sauke jarida.

Tana da tsanani a kan mahaɗa. Akwai wata kalma, wateroverlast, da na karanta wa-te-ro. Ta maka cokali a faranti. "A'a! Wa-ter, tsaya. O-ver-last. R ɗin nan ta gidan farko ce, kada ka ba maƙwabci aronta." Sai kuma harafin g, wanda suke fito da shi daga can cikin maƙogwaro, wanda ta ce shi ke kayar da baƙi. Ni kuwa da na sha dorinar Malam a kan kha ta Larabci tun ban gama famfara ba, abin ya zo mini kamar wasa. Na faɗa sau ɗaya, ta ajiye cokali ta dafe ƙirji. Ta juya ta ce wa mijinta, "Abang, yaron nan in ya yi magana a waya, mutanen garinmu sai sun tambaye shi ɗan gidan wa ne."

Baki take nufi, baki kawai. Amma Pak Cik ya ji, ya adana.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk kalmar da ta koya mini sai ta faɗi ma'anarta, ni kuma in ce "to" in bar ta nan kan tebur tare da ɓawon ayaba. Hankalina yana wajen daɗin muryata. Haka muka taso ai: ka fara iya bakin karatu, fassara sai an girma. Sai dai can malamanmu sun san abin da suke yi, fassarar tana nan tafe. Ni tawa na ce sai na kammala kundina. In ta tsare ni ta ce, "To me kalmar take nufi?" sai in sosa ƙeya in yabi shayinta. Ta girgiza kai ta ce, "Aku kawai," amma da murmushi take faɗa, don ina jin daɗin jin yaren a ɗakinta ya fi mata komai.

Waje kuwa, ba a magana. In mun haɗu da 'yan Nijeriya a kedai mamak, wato shagon mai shayi, ana shan shayi, sai in zaro waya in buɗe labaran Holan in kama karantawa da ƙarfi, ina kakarin g har na teburin gefe su waiwayo. Suka raɗa mini suna Ɗan Holan. Abokina Sadisu, wanda ke zuwa daga unguwar Danau Kota, shi ne kaɗai bai yarda da ni ba. Yakan ce, "To Ɗan Holan, mun ji. Me suka ce?" In ce, "Siyasarsu ce, ba za ka gane ba." (Shi da ni duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, bambancin kawai ni na fi shi ƙarfin hali.)

Ana nan, wani mako ban gan su ba, ƙofarsu a rufe. Na ɗauka sun je ƙauye. Ina kasuwar titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ina taya mayafan tsaraba sai ga kiran Kak Aida. Muryarta a dishe.

"Adik," haka take kirana, wato ƙanena, "Mak tana asibiti. Ɓarin jikinta ya shanye. Ta farfaɗo, amma Malay ya tafi, Turanci ya tafi. Likita ya ce yakan faru, ƙwaƙwalwa ta koma yaren da aka fara yi wa mutum magana da shi. Tun da ta buɗe ido take nanata wani abu, ba mu san ko mene ne ba. Mun gwada fassarar waya, bakinta ya karkace, shirme kawai take fito mana da shi. Na samo lambar ƙanwarta a Holan na aika saƙo, har yanzu shiru. Babana ba ya ci, ba ya barci. Ya ce a kira ɗalibinta."

Jama'a, nan ne ya kamata in ce, "Kak, ni baki kawai gare ni." Kalma nawa ce? Amma sai na ji bakina yana cewa zan iya, da Malay ma: "Boleh, Kak, boleh. Ga ni nan." Kuma don ku san irin mutumin da ke ba ku labari, ban wuce asibiti kai tsaye ba. Sai da na biya gida na sa farar shadda, na karya hula, na fesa turare. Tafinta guda ai ba ya zuwa a yamutse.

Na tarar da baranda cike da dangin Pak Cik, maza da mata, har da waɗanda suka zo daga ƙauye. Suna ganina suka dare, ana raɗa, "Shi ne, shi ne." Pak Cik ya taso ya kama hannuna da hannu biyu. Mutumin da na sani da tsokana da jarida, ga shi ya zama ɗan mitsitsi cikin rigarsa.

"Anak," ya ce, ɗana ke nan, "shekara arba'in da wani abu ban taɓa kasa gane matar nan ba, ko da ido ta yi magana. Yau tana kallona tana roƙona wani abu, ni kuma kamar dutse. Ka gaya mini abin da take so, ko mene ne zan yi."

Muka shiga, ni da shi da Kak Aida. Da ƙyar na gane ta. Fuskar ta zurma, kumatun sun faɗa ciki, ta ja bakin zanen gado da hannunta mai lafiya ta rufe bakinta. Tana ganina idonta ya yi haske. Ta saki zanen kaɗan ta kama magana, da sauri, murya a dagule. Ban tsinci komai ba. Ko ɗaya. Gumi ya fara bin bayana duk da sanyin ɗakin.

Sai na lura akwai abu guda da take komawa kansa. Na sunkuya na kasa kunne, na yi abin da ta koya mini. Na nemo mahaɗa. Na sa yatsa ina buga ƙarfen gado, kowace gaɓa bugu ɗaya.

"Mijn... kunst-ge-bit?"

"Ja!" Har sai da ta ɗago kai daga matashi. "Ja, ja!" Ta damƙe hannun rigata, hawaye ya gangaro mata. Ta samu wanda ya gane, a ganinta.

Wallahi na faɗe ta da kyau. Kunst a gefe, gebit a gefe, g ɗin nan ta fito daga inda ya kamata. Na san ja, wato e. Na san mijn, wato nawa. Nawa me? Allah masani.

"Me ta ce?" in ji Pak Cik. "Anak, me ta ce?"

Waya tana aljihuna. Tunda na kama kalmar, rubutawa kawai zan yi in ga ma'anarta. Amma Ɗan Holan guda, da shadda da hula, ya zaro waya a gaban mutane? Ga tsoho yana kallon bakina kamar mai jiran hukuncin alƙali. Mu kuma ba a koya mana kallon idon dattijo yana hawaye mu ce masa "ban sani ba". Sai zuciyata ta tafi Haɗeja, ɗakin kakata Hajja ranar da za ta cika. Ta sa aka kira mu ɗaya bayan ɗaya, har da mai kawo mana ruwa, kowa abu guda take ce masa. Na ce a raina, mutum a kan wannan gado, yana cewa "nawa", me zai ce in ba laifina ba? Ai duk duniya abu ɗaya ake faɗa a nan.

"Pak Cik," na ce, na sassauta murya, "cewa take ka yafe mata."

Tsohon nan ya zube a kan gwiwoyinsa a gefen gado. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma kun san tafintan Bahaushe, ba ya miƙa magana tsirara, sai ya yi mata riga da wando. Na ji kaina ina ƙarawa: ta ce ta gode da zaman da aka yi, ta ce duk abin da ta yi masa da saninta da wanda ba da saninta ba ya yafe, ta ce a riƙe zumunci, a kula da Aida.

Kak Aida ta ɗago jajayen idanu ta dube ni. "Duk wannan a kalma ɗaya?"

"Haka Holanci yake, Kak," na ce. "Suna haɗa magana da yawa a kalma guda."

(Na sani. Ba sai kun faɗa ba.)

Pak Cik ya kifa fuska a hannunta yana kuka irin na manya, wanda ba ya ƙara sai girgizar kafaɗa. Yana kiranta Yam, gutsuren Maryam, yana cewa da Malay, "Na yafe, Yam, na yafe. Ni ne zan roƙe ki. Na raba ki da ƙasarki, na raba ki da uwarki, ko jana'izarta ba ki je ba. Ki yafe mini." Kak Aida ta fita da gudu ta gaya wa dangi cewa Mak tana bankwana. Kafin nas ta hana, ɗaki ya cika. Suka yi layi, kowa ya kama hannunta ya kai goshi yana neman gafara, wata gwaggo ta buɗe Yasin a gefe.

Ita kuwa baiwar Allah, da ta ga mutane suna shigowa, sai ta ƙara jan zanen har hanci. Tana girgiza kai. In an janye hannunta don a gaisa, sai ta fizge ta mayar bakinta. Suka ce kuka ne ya ci ƙarfinta. Ta bi ta tsakanin kafaɗun mutane ta nemo ni da ido, tana faɗin kalmar nan a ƙarƙashin zane, tana faɗa, tana faɗa. Ni kuma ina tsaye na harɗe hannu a ƙirji, ina gyaɗa mata kai irin na masu ilimi.

Ana cikin haka wayar Kak Aida ta yi ƙara. Ƙanwar Mak Cik ce daga Holan, sai yanzu ta ga saƙo. Kak Aida ta buɗe murya don kowa ya ji, ta kara wayar kusa da uwarta. Mak Cik ta yi magana, ta can ta amsa, muryoyi biyu na tsofaffi suna rawa. Sannan ta can ta juya Turanci, da ƙarfi, kamar yadda tsofaffi ke yi a waya.

"Haƙoranta take nema! Haƙoran robarta. Ta ce tun da ta farka take roƙo ba wanda ya ba ta. Ta ce an cika mata ɗaki da mutane ga ta ba haƙori, kunya za ta kashe ta. Wai babu mai ji ne a wurin?"

Mai karatun Yasin ta tsaya a tsakiyar aya.

Ban san yadda aka yi duk idanun ɗakin suka san inda nake ba. Babu wanda ya zage ni. Mutanen Malay ba sa haka, kuma na fi son da sun zaga. Wani yaya na Pak Cik ya yi gyaran murya ya dubi silin. Kak Aida ta dube ni tun daga hula har takalmi.

Pak Cik ya miƙe a hankali. Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da wani abu naɗe a hankici. Ranar da aka kwantar da ita nas ta cire ta ba shi ajiya, ya sa a aljihu, tashin hankali ya mantar da shi. Duk kwanakin nan suna kan ƙirjinsa, tana kallon aljihun tana roƙo, shi yana zaton zuciyarsa take nunawa.

Aka fitar da kowa, aka ja labule. Ni ban jira an fitar da ni ba. Na isa bakin lif ina danna maɓalli kamar shi ya yi mini laifi, ina jin ƙamshin turarena yana hawa mini kai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, an faɗa mana tun muna yara, ni ne dai ban ji ba. Abin da ya fi ci mini rai ba idon mutane ba ne. Matar da ba ta buɗe wa mai gas ƙofa sai ta duba madubi, ni na tara mata gari a kanta a ranar da ta fi son ɓuya.

Lif bai zo ba sai ga hannu a kafaɗata. Pak Cik ne. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Bar shi, lah. An sa mata, ta yi kyau, har ta harare ni." Ya sake dafa kafaɗata. "Abin da na gaya mata ɗazu, ban taɓa faɗa ba tun da na aure ta. Kullum ina cewa gobe. Yau ka sa na faɗa. Amma da Malay na faɗa, anak. Ba ta ji ba."

Na rasa inda zan sa idona.

"Yaya ake cewa 'ki yafe mini' da yarenta?"

"Ban sani ba, Pak Cik." Karo na farko ke nan da na faɗi gaskiya a ranar, kuma ban mutu ba.

Kak Aida ce ta tambayo ƙanwar, ta turo a rubuce: vergeef me, lieverd. Ki yafe mini, abar ƙaunata. Kak Aida ta miƙo mini wayar ba tare da ta kalle ni ba, ta tafi raka dangi bakin mota. Muka zauna ni da tsoho a kujerun roba na baranda. Wannan kam aikina ne. Na ce ya buga gwiwarsa, kowace gaɓa bugu ɗaya. Ver-geef-me. Lie-verd. G ɗin ta ƙi shi, sai ya ce "gif", ya ce "kif". Na ce, "Pak Cik, kha ce, irin ta akhirat." Ya gwada, ta fito. Ya maimaita ya fi a ƙirga, nas-nas suna wucewa suna kallon dattijo da baƙin saurayi mai hula suna dukan gwiwa. Da ya ji ta zauna masa, ya miƙe ya gyara riga.

"Zo mu shiga tare."

Na bi shi har ƙofa, a nan ƙafata ta ƙi. Ba zan iya haɗa ido da ita ba. Na ce, "Shiga, Pak Cik, ina nan." Ya yafito ni da hannu, na girgiza kai. Na tsaya a bakin ƙofa, rabin jikina a waje.

Daga nan na hango shi ya sunkuya a kanta, yatsansa yana buga gefen katifa. Na ga ta zuba masa ido. Sai gefen bakinta mai lafiya ya ɗaga, fararen haƙoran nan suka bayyana. Ta ɗora hannu a kumatunsa ta yi magana, doguwa, a hankali, ƙasa-ƙasa. Ina ganin leɓɓanta suna motsi. Tsakanina da gadon akwai tazara, ga na'ura tana ƙara, ga keken magani yana wucewa a bayana. Ko gaɓa ɗaya ba ta iso kunnena ba.

Ya waiwayo, fuskarsa jiƙe, yana murmushi. "Anak, ka kama? Maimaita kawai, sai mu tambayi ƙanwarta."

Kun gani? Bai ce in fassara ba. Ya riga ya san iyakacina, kuma iyakacin nan nawa shi yake buƙata. Kunnen da ke ɗauke kalma ko daga bakin da ya karkace, bakin da ke mayar da ita yadda aka faɗe ta, abin da Allah Ya ba ni ke nan. Da ina tsaye a gefen gadon, da na kwashe maganar nan tsaf na kai masa har gida.

Na taho da sauri, muka roƙe ta ta sake faɗa. Ta riga ta lumshe ido, barci ya ɗauke ta. Washegari jikin ya rikice, ba ta ƙara magana ba har Allah Ya karɓi abarsa bayan 'yan kwanaki. Allah Ya jiƙan Mak Cik Maryam, Ya yafe mini abin da na yi mata.

Ban je Holan ba. Ban ma nema ba. Da na kammala karatu na sauka in yi wa Pak Cik sallama, na same shi shi kaɗai a teburin nan, ya haɗa mini shayi da kansa, ya cika sukari. Muka yi hirar jirgi da ta kaya. Can ya ce, "Ka san kullum sai na zaɓa mata abin da ta ce. Wata rana in ce cewa ta yi ta yafe. Wata rana in ce tunatar da ni take inda ta ajiye makullin akwati. Jiya kuwa na ce gyara mini furuci take yi, don na san halinta." Ya yi 'yar dariya, ya share ido da bayan hannu. "Kai a ganinka wanne ne?"

Bakina ya motsa, wallahi ya motsa, har na ji wata magana mai daɗi tana haɗuwa. Na danne ta da shayi.

Abin da na koya? Ba wani abin kirki ba ne, kuma tsohuwa ce ta biya kuɗin makarantar. In za ka ji kunya, ka ji ta da wuri, tun a waya, lokacin da kai kaɗai za ta ci. In kuwa ka riga ka tafka, to ka daure ka matso kusa, ka bar jin kunyar sai ka koma gida. Ni tawa ba ta san lokaci ba, kuma ga wani dattijo can a Pantai Dalam yana ta canke har yau.